Tabarmar Mai Jira

Shagona yana bakin kwalta a Gujungu,
taki, iri, maganin feshi.
Layi biyu ne, kunne ɗaya, na Isiyaku,
shi ke ɗaga waya, shi ke auna yuriya.
Ran da ruwan shuka ya sauka sai ka ce gobara:
wannan daga Kwalam, wancan daga Maje,
na uku a ce masa dakata, sai shiru,
shiru irin na tsohuwar rijiya.
Ya hura wayar, ya duba fuskarta, ya kashe.
Buhu goma sun tafi shagon wani a Taura.

Na aika wa Rabilu mai haɗa wayoyi.
Ya zo daga Ringim da kwali a bayan mashin,
ya jera akwati uku a kan sikeli
kamar mai tallan turare ya samu amare.

Na farko baƙi ne sumul, ɗan gayu,
ba ya buɗe baki sai da intanet,
daga birni ake ɗura masa abin faɗa.
Na ce, mu da sabis ke gudu in hadari ya haɗo,
ina ni ina mai gadin da ke suma da damina?

Na biyu kuɗin zabi biyu ne,
murya kamar daga cikin tulu,
wuta na ɗaukewa ya mance karatunsa,
sai an sake biya masa tun daga baƙi.
Araha ba ta ado. Na ce ture shi, saura.

Na uku ba fasali, kamar sabulun wanki.
Ɗan kati ake zura masa a gefe,
wutar sola yake kurɓa kaɗan kaɗan,
in ta yanke ta dawo, ya ɗora inda ya tsaya.
Na ce wannan jaki ne, ba sukuwa, ba yaji.
Na taya, ya ce albarka, na ɗan ƙara.

Da kiɗansa ya zo, wani ƙilin-ƙilin,
kamar cokali a kofin shayi.
Na ce, Rabilu, baƙo in ya yi sallama
ba a kaɗa masa ƙararrawa.
Tabarma ake shimfiɗawa, a kawo ruwa a moɗa.

Da dare na rufe shago na gyara murya.
Na yi sallama, na tambayi gajiya,
iyali, dabbobi, ruwan bana,
na kawo tarihin babana Ɗan'azumi
tun yana auna irin kuɓewa da murfin kwalba.
Minti huɗu cif. Na saurara sau tara.

Ran Laraba ina fadama, injin ban ruwa ya tsaya.
Na kira shago, Isiyaku ya ce dakata.
Sai ga ni a kunnena, cikin natsuwa,
ina tambayar kaina ya kwanan iyali.
Rana a ka, laka a gwiwa,
kati na zuba kamar gero a hujajjen buhu.
Na daka wa mutumin tsawa: Malam, taƙaita!
Bai ji ba. Yana kan murfin kwalba
kuɗina suka ƙare.

Washegari na miƙa wa Lantana, 'yar autata.
Numfashi uku ta yi:
sannu da jira, ga farashin yau,
in katinka ya yi ƙasa, kashe, za mu kira.
Akuya ta yi kuka a bayanta, muka bar shi,
don mai kira ya san gida ne, da mutane.

Yanzu Baba Gwadabe kan bugo da sassafe,
Isiyaku na ɗagawa ya ce,
yaro, ba kai nake nema ba,
sa ni a jira.