Ƙafa Takwas na Ruwa

Ran Laraba na ga gilashin ya yi tumbi,
kaɗan dai, kamar na wanda ya tashi daga walima.
Na ja zare daga kusurwa zuwa kusurwa,
zare ya miƙe, gilashi ya ƙi.
Ni Tasi'u, mai sharar asibitin yara a Tarauni,
ni ke ba kifayen abinci, ni ke kashe fitila,
ni na fara jin firam ɗin yana ƙas-ƙas da dare,
tsatsa ta cinye shi ta ciki, fenti na rufa mata asiri,
tokarin tsakiya ya saki, yana rawa.

Muka kwashe su a bahon wanki huɗu:
jajaye sha ɗaya, masu zane shida,
da baƙin nan mai gashin baki da yara ke kira Hakimi
don ba ya kula kowa.

Wanda ya haɗa akwatin, Oga Obiora na Sabon Gari,
ya koma garinsu shekara bakwai ke nan.
Lambarsa wata mai manja ke ɗauka.
Na bi shago tara, amsa ɗaya:
abin da ba a yi shi biyu ba
ba a ajiye masa kayan canzawa.

Na shiga Ƙofar Ruwa da awo a bayan katin magani.
Suna ne kawai. Rodi, kwano, ƙusa, zafin rana.
Wani yaro ya jawo alminiyon: na taga ne, amma zai yi.
Malam Ilu mai walda ya ɗage baƙin tabarau,
ya ce, taga iska take tarewa.
Ka taɓa ɗaukar jarka biyu daga famfo?
To wannan talatin da shida ne,
kuma ruwa ba ƙasa kaɗai yake dannawa ba,
gefe yake nema, kamar jama'a a Kwari ana jibi Sallah,
kowa da kafaɗarsa, kowa na turawa.

Ya faɗi kuɗin ƙarfen da ba ya tsatsa.
Na maimaita wa Likita Sa'adiyya, ta ajiye biro,
ta ce ko a sa talabijin a wurin?
Ban iya magana da manya ba,
amma na ce, Likita, shekara tara ina gani,
yaro yana bin jan kifi da yatsa
har allura ta shiga ta fita
bai tuna cewa yana da kuka ba.
Ta dube ni. Ta ɗauki biron. Ta sa hannu ba musawa.

A Fagge, Baba Adisa mai yankan gilashi
ya yanka mini tokari uku, kauri mili goma,
ya goge bakinsu da dutse har suka daina cizo.
Ya ce gam ɗin kwana bakwai yake so,
kada tausayin kifi ya sa ka gaggawa.

Tausayin ya zo. Dare na biyar aka ɗauke wuta,
injin iska ya yi shiru,
na kwana ina kaɗa baho da ludayi.
Da asuba ɗaya ja ya juya farin cikinsa sama.
Na binne shi gindin darbejiya, ban gaya wa kowa ba,
na dawo na ci gaba da kaɗawa.

Ran na takwas 'yan garuwa suka jera kura a ƙofa.
Jarka, zare. Jarka, zare.
Malam Ilu ya zo ba a kira shi ba,
ya ɗora tafin hannu a kan gilashi kamar mai duba zazzaɓi.
A ta talatin da shida zare ya kwanta lif,
gilashi ya kwanta tare da shi.

Yau wata yarinya mai bandeji a goshi, Hauwa'u Jidda,
ta ƙirga jajayen sau biyu, ta waiwayo:
da sha ɗaya ne.
Na riƙe tsintsiya. Aka kira lambarta.
Hakimi ya wuce ƙarƙashin sabon tokari a hankali,
bai ɗaga kai ya ga abin da ke riƙe masa ruwa ba.