Taskar Maɓallai

Hawa na bakwai, titin Falasɗinu, Jidda.
Iyakwandishan na tari kamar tsohon direba,
shayina ya huce tun la'asar,
ni kuwa ina gadin taskar maɓallai.

Aikina ke nan, in an tambaya a gida.
Manhaja ce da muke adana surar komai:
maɓalli guda shi ne uwa,
'ya'ya ɗari da sittin sun bazu
a shafukan masu sayen ruwan tanka.
In na shafa wa uwar kore,
kafin in ɗaga kofi duk 'ya'yan sun yi kore.
Ko a gidanmu ba a jin magana haka.

Goggo Tasalla ta ce wannan ba sana'a ba ce.
Ita da ta shekara arba'in a Karantina
tana fitar da wuyan riga
da ma'auni guda da ta yanka a kwalin madara.
Wuya dubu ya bi ta kwalin nan, ko ɗaya bai karkace ba.
Na ce, Goggo, ai irin kwalinki nake gadi.
Ta ce, to ɗinka mini ɗankwali da shi in gani.

Ran Juma'a na miƙa mata waya ta kira ruwa.
Kibiyar komawa tana kallon hagu.
Goggo kuwa daga dama karatunta ke tasowa,
hagu ne gabanta.
Ta danna tana nufin gaba, waya ta mai da ita baya.
Sau uku.
Ta kife ta a kan darduma,
ta aiki yaro bakin titi ya tsai da tanka da hannu.

Daren nan ban koma gida da wuri ba.
Na shiga taskar ina tono,
na wuce akwatunan suna, na wuce jan rubutun gargaɗi,
can ƙasa, inda ake jibge abin da ba mai nema,
sai ga wata kibiya ita kaɗai.
An sa mata suna: ta Inna.
An rubuta a gefe: ki juya in rubutu ya juya.

Manhaja ba ta mantuwa, shi ne aibinta.
Ta ce Ukasha ne ya zana,
wata goma sha ɗaya da suka wuce,
sati biyu kafin igamarsa ta ƙare
ya koma Gadarif da jaka ɗaya.
Kujerarsa yanzu firinta ke kai.
Ashe shi ma ya taɓa miƙa wa wata tsohuwa waya
ya tsaya yana kallon yatsanta.

Sai manhajar ta tambaye ni, cikin ladabi,
wai wannan ba ta da ɗa ko guda,
a share ta?

Na ɗauko ta na mai da ita uwa.

Kafin kiran asuba kibiyoyi sun juya
a wayoyin mutanen da ba su san an yi ba.
Abu Nawaf ya shigo da safe, ya duba, bai ga komai ba,
ya tambayi dalilin da koren ya yi duhu.

Goggo ta danna sau ɗaya, tanka ta zo.
Ta ce ruwan ya ƙara riyal biyar.

Na ɗauki hoton kibiyar na tura wa Ukasha.
Yau kwana tara,
saƙon na nan da alama ɗaya.