Darma a Maƙogwaron Ƙarfe

A Casper ta jihar Wayomin, ranar Laraba,
iska na dukan ƙofar shagonmu kamar mai bin bashi,
tsoho Orville Pruitt ya dire sabuwar bindigarsa kan kanta,
ya dire gwangwanin kofi cike da harsashi,
darma zalla, tsirara, babu rigar jan ƙarfe.
Shi ya narka, shi ya zuba, a garejinsa.
Shekara arba'in, in ji shi, ko ƙwarzane bai taɓa samu ba.

Na ce, Baba, wancan da tsohuwar libarba ka yi,
mai tsagi a ciki kamar kunyoyin gona.
Wannan da jikarka ta saya maka, ɗaga ta saitin fitila.
Ka ga kunya? Babu.
Kusurwa shida ce ta murɗe, sumul kamar cikin kwalba,
tana rungumar harsashi ƙam, ba ta barin numfashi ya wuce.

Darma kuwa ba ta da kunya, ba ta da ƙashi.
In ta wuce sai ta bar saƙo.
Yau shafe, gobe ɓawo, jibi hanya ta tsuke,
albarushi na turowa daga baya, bai san an rage ƙofa ba.
Ba ta yin tari, ba ta yin gargaɗi.
Harbi ɗari biyu lafiya lau,
na gaba shi ke tambayar yatsunka.

Ya ce, yaro, akwai masu yi,
su taurara darmar, su goge bututu kullum, suna nan da ransu.
Na ce akwai.
Akwai kuma masu tsallake rijiya da baya.
Maƙerinta dai ya rubuta kada a yi,
shafi na tara, wanda ba ka buɗe ba.

Sai na sauko masa da abin da ke rataye a ƙusa:
bututu ya tsage gida uku kamar ɓawon ayaba.
Mai shi na zuwa har yanzu,
da hagu yake karɓar canji.

Orville ya juya shi, ya juya,
ya dubi hannunsa mai tabon narka.
Bai ce na yi gaskiya ba.
Ya ce, nawa ne akwatin masu riga?
Ya biya yana mita.

A bakin ƙofa ya rungumi gwangwaninsa,
ya ce, tsohuwar tana gida,
ita ba ta taɓa raina girkina ba.