Lamba Ɗari Biyu da Sha Ɗaya

A hawa na huɗu, a asibitin kan tudu a Valparaíso,
muka raba majinyata gida biyu da ƙuri'a.
Rabi a tashe su ƙarfe huɗu na asuba,
a matse musu damtse, a auna jini, a auna zafi.
Rabi kuwa, in jiki ya lafa, a bar su da barcinsu.
Tambayar ke nan, ba ta fi haka ba,
amma shekara biyu muna tallafe da ita kamar ɗanyen ƙwai.

An ce barci ƙanin mutuwa ne.
Wataƙila shi ya sa muke tashin mutane,
mu tabbata ba yayan ne ya shigo ba.

Eulogio Barría, tsohon masunci,
ƙuri'a ta jefa shi cikin masu barci.
Shekara hamsin teku ba ta ci shi ba,
sai ga ruwa ya same shi a huhu, a kan gado.
Da safe ya ce wa Maritza mai jinya,
"Jiya na yi mafarki har ƙarshensa.
Tun da na zo gidan nan ba a bar ni na kai gaɓa ba."
Takardarmu ba ta da gurbin mafarki.
Maritza ta rubuta: barci, awa shida.

Yau aka haska sakamakon a bango.
Masu barcinmu ba su cika ruɗewa da dare ba,
ba su cika fizge robar ƙarin ruwa ba,
ko kiran matansu da suka rasu.
Babu wanda barin nan ya cutar.
Likita Quilodrán ta ce a yi hattara,
asibiti ɗaya ne, adadin bai taka kara ya karya ba,
sai wasu sun maimaita.
Gaskiyarta.

Ni dai idona na kan ɗigo guda,
lamba ɗari biyu da sha ɗaya,
wanda aka sallama ran kwana tara
ya bar mana busasshen kifi a cikin jarida.

Da asuba na bi ta ɗakin.
Jiragen ruwa na kuka can ƙasa,
tsofaffi shida na minshari, kowa da muryarsa.
Hannuna ya kai kan makunnin fitila don sabo.
Na janye shi.