Sakan Bakwai

An ja layi da toka a kan gudron,
bakin hanyar Mirriya, Lahadi da sassafe.
Mu goma sha bakwai, kowa da lamba a baya.
Tawa sha ɗaya, a kan takardar siminti,
Zuwaira ta zana da shuni, ta kama da allura.

Malam Kiyari ya ce ba a tashi tare:
"Minti guda tsakanin mutum da mutum.
Ba bin sawun wani, ba laɓewa a bayansa.
Ku taɓo Mirriya ku juyo."
Na ce wane irin tsere ne wannan
da ba ka ganin ƙeyar abokin karawa?
Ya ɗaga agogo mai igiya a wuyansa:
"Ga abokin karawar. Bai taɓa haki ba."

Kekena na burodi ne.
Shekara tara yana kewaya duwatsun Birni
da akwati ɗaure a baya.
Jiya na kwance akwatin, sai ya yi wani iri,
kamar jakin da aka sauke wa mangala.
Na ɗan likita kuwa, da yatsa biyu ake ɗaga shi,
ban kalle shi sau biyu ba, don kar raina ya ɓaci.

Wani yaro ya riƙe mini sirdi.
Biyar, huɗu, uku...
Ban ji sauran ba, zuciyata ta fi shi murya.

Hanya fayau. Ba kowa sai ni da iska,
ita ma ta gabas, ta dafe mini ƙirji
kamar mai bina bashi.
Na duƙa har haɓata ta gaida kan keke.
Gawo ya wuce, gawo ya wuce, kuka ta wuce,
babbar mota ta watsa mini warin albasa,
akuya ta tsaya tsakiyar titi tana shawara.
Cinyoyina suka fara magana:
"Barmu, wa ya aike ka?
Da furfura a gemu, me kake kora?"
Na ce su yi shiru, sai mun koma gida.

A Mirriya wani ya kaɗa jan ƙyalle, na juyo.
Iskar da ta hana ni, ita ce yanzu ke tura ni.
Na cim ma lamba tara yana tura nasa da ƙafa,
na wuce lamba goma, bakinsa a buɗe.
Gishirin gumi a ido, makogwaro ya bushe,
sarƙa tana kuka, ni ma ina yi a ciki.
Can duwatsun Damagaram suka ɗago kai.

Saura kaɗan. Ga teburin Ari mai shayi,
inda nake sauke ashirin kowace safiya.
Ya hango ni, ya ɗaga ludayi:
"Barmu! Ina burodina?"

Wallahi ban yi niyya ba.
Hannuna ne ya matse birki da kansa,
bakina ya ce "Ina kwana?" bai tambaye ni ba.
Kafin in tuna yau ba ranar talla ba ce,
taya ta riga ta yi sanyi.

Kiyari ya danna, ya rubuta, bai ɗago ba.
Na huɗu. Tsakanina da na uku sakan bakwai,
tsakanina da sabuwar taya, sakan bakwai.
Na kwanta a kan yashi ina dariya ina tari,
Zuwaira na zuba mini ruwan buta a ka.

Litinin na mayar da akwatin mazauninsa.
Ari ya ba ni shayi, ya ƙi karɓar kuɗi.
Ban gaya wa kowa ba, amma tun ranar
daga gidan burodi zuwa kasuwar Dole
ƙirgawa nake yi a zuci.
Yau na rage uku.