Rawar Gora

A bakin dam na Dadin Kowa,
daren da aka ɗauke wuta gari ya yi tsit,
ina gyaran taru, tocila a bakina,
Zuwaira ta ce in kashe.
Na kashe.

Ta miƙa hannu can saman dutse,
inda taurari suke kamar geron da aka watsa wa kaji.
"Baba, ka ga waccan 'yar mitsitsiyar?
Rana ce. Irin tamu sak.
Nisa ne ya ƙanƙantar da ita."

Na ce, kuɗin makarantar da na biya a Bauchi ke nan,
ki dawo ki nuna mini rana da tsakar dare?

Ta yi dariyar uwarta, har da riƙe ciki.
Ta ce akwai wata duniya mai kewaya ta,
ƙatuwa, wadda in an jefa tamu a ciki
kamar an jefa aya ne a randa.
Ba ƙasa, ba tudu, ba inda za ka kafa turke,
iska ce zalla, mai zafi, a dunƙule.
Shekararta kwana huɗu.
Na lissafa: kafin Juma'a ta zagayo
na ƙara shekara har da ɗoriya,
ga shi ba ruwan jefa ƙugiya. Allah ya kiyashe ni.

"To wa ya gan ta?"
"Ba kowa."
"Ba kowa?"
"Tauraruwar ake kallo. Tana ɗan rangaji,
ta matso, ta ja baya, ta matso.
Wani abu mai nauyi ke jan ta."

Nan na ajiye allura.

Shekara talatin ina kan ruwan nan.
Giwan ruwa ba ya sallama.
Gora ake kallo.
In iska ce, rawarta daban.
In karfasa ce, tsalle-tsalle take yi.
In kuwa ta nutse a hankali, ta taso, ta sake nutsewa,
gyara zamanka a kwalekwale,
babba ne a ƙasa.
Ashe masu madubin hangen nan masunta ne, 'yan'uwana,
sai dai su ba sa jawo abin da suka kama.

Ta ce hasken da ke shiga idona yanzu
ya baro gida wajen shekara hamsin.
A lokacin ba a tare kogin ba,
ina yaro, ina bin Bappa Manu da gora a ka,
ban san Hansatu ba,
balle in raka ta makwanci.

Zuwaira ta yi shiru.
Sauro ya ci gaba da aikinsa.
Can ta ce, "Baba, kana rangaji."
Na ce sanyin ruwa ne.

Na kunna tocila, na shiga laluben allura a yashi.
Ban same ta ba sai da gari ya waye.