Albarka, In Ji Manhaja

Ƙarfe huɗu da rabi, Sheffield ta riga ta yi duhu.
Ruwa na bin gilashin ofis
kamar rufin da aka yi wa ƙiyasin ganganci.
Kowa ya ja rigar sanyinsa ya fice,
saura ni, da shayin da ya huce,
da rahoton da Mista Ollerenshaw ke so kafin Litinin.

Dannawa ɗaya, manhaja ta zazzage min shekara guda:
tayi arba'in da uku muka kai,
shida aka sallama mana.
Sauran ta shafa musu ja.

A kasuwar Funtuwa, in tayinka bai kai ba
mai kaya ya ɗago ya ce albarka,
ka ƙara, ya rage, ku yi wa juna tsiya,
har ya bi ka da gyara.
Nan ciniki a juye yake:
wanda ya fi yanka kansa shi ke tafiya da kwangila,
kuma ba mai ce maka albarka.
Layi ne kawai zai yi ja.

Layi na sha tara, rufin firamare a Rotherham.
Dare uku ina bin zane da awo,
katako nawa, ƙusa nawa, hayar motar ɗaga kaya.
Fam ɗari shida da arba'in suka raba mu da shi,
ko kuɗin kwashe shara bai kai ba.
Na nemi gurbin da zan sa dare ukun nan,
jadawalin bai tanadi irinsa ba.

Layi na ashirin da bakwai kore ne shar.
Ƙaramin asibiti a Barnsley.
Ranar da muka ci, Siobhan har da kawo kek.
Ashe kallon kitse muke wa rogo:
da aka fara haƙa, ƙasa ta buɗe baki,
tsohon ramin kwal ne a ƙarƙashi,
ya sha siminti mota goma sha ɗaya bai ce ya ƙoshi ba.
Rodi ya tashi a watan Mayu.
Har yau kore ne layin,
ita dai an ce mata mun ci.

Kawu Nomau bai taɓa riƙe biro ba.
Ya taka fili da ƙafa, tsawo da faɗi,
ya daki ƙasa da diddige, ya ji me ta ce,
sai ya ce bulo dubu biyu da ɗari uku.
A gama gini, a tarar da bakwai sun yi saura.
Amma ran da aka kai shi makwanci
da lissafin aka rufe.

Wannan kuwa ba ta mantuwa, kuma ba ta kara.
Na ce ta ware min tsofaffin gine-gine,
ta jera min su takwas,
kowanne kuɗin lebura ya zarce ƙiyasi,
tara cikin ɗari, sha ɗaya, tara, goma.
A gefe, gurbin mai ƙiyasi,
suna ɗaya ne daga sama har ƙasa:
R. Mainasara.

Na daɗe ina kallonsa.
Akwai ɗan akwatin da in na taɓa, gurbin ya ɓuya,
rahoto ya fita tas, kamar ba hannun kowa.

Na bar shi.
Na rubuta a ƙasa: tsohon bango yana ɓoye aiki,
daga yanzu a ƙara kashi goma.
Na tura.

A jirgin titi zuwa Hillsborough
na jingina goshi da taga mai sanyi,
sai na kama kaina ina ƙirga jan bulo
a bangon wata masana'antar da aka rufe.
Na kai ɗari huɗu da wani abu, muka sha kwana.